Katin Inshora da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mai Ciki da Mai Jego: Yadda Za a Bi a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Idan mace ta ɗauki ciki a ƙauyukanmu, lissafin da ake yi sananne ne: awo, kayan haihuwa, itacen wankan jego, ragon suna. Ba kasafai ake sa lafiyar ƙwaƙwalwarta a ciki ba, alhali ciwon damuwa na cikin cututtukan da suka fi kama mata a wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego, suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Wato a cikin masu jego biyar da ke zaune a layin rigakafi, da wuya a rasa ɗaya. Ciwon yana da magani. Abin da ke kayar da iyali shi ne ba ciwon kwana uku ba ne: ganin likita ne akai-akai da shan magani na watanni, kuma aljihun manomi ba ya jure wannan sai da tallafi. Nan ne inshorar lafiya take da amfani.

Na fi karkata wannan bayani ga maigida da uwar mai ciki da uwar miji da yayarta, domin macen da damuwa ta danne ba za ta iya yawon ofis ba. Ko tashi ta yi wanka nauyi yake yi mata. Dole a sami mutum ɗaya a gidan da zai ɗauki ɗawainiyar takardu tun daga farko, kowa ya san shi ne mai riƙe da su.

Mataki na farko: ku gano ƙofar da ta dace da gidanku

A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Amma a aikace mutumin ƙauye ta hannun hukumar jiharsa yake shiga. A Kano ita ce hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda aka yi dokarta a 2016. A Jigawa kuma JICHMA ce.

Ƙofa ta farko ta ma'aikata ce: idan maigida ma'aikacin gwamnati ne, malamin firamare ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya duba takardar albashinsa. Mai yiwuwa an daɗe ana cire masa kuɗin taimakekeniya, shi kuwa bai taɓa zuwa an ɗauki hoton iyalinsa ba. Cire kuɗi daban, rajistar iyali daban. Kuma ga wani abu da ya shafi gidajenmu kai tsaye: a tsarin ma'aikata na ƙasa, katin yana ɗaukar ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba, ragowar sai an ƙara musu kuɗi. Mai mata biyu ko uku ya tambayi yadda abin yake a nasa tsarin, ya tabbatar sunan wadda ke da cikin yana ciki. Sau da yawa uwargida ce aka rubuta tun shekarun baya, amarya mai cikin fari ba ta ko'ina.

Ƙofa ta biyu ita ce ta marasa ƙarfi, kuma ita ta fi shafar mafi yawan mutanen karkara. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na kuɗin yana bi ta hukumomin jihohi don yi wa talakawa rajista kyauta, kuma manufar ita ce a sami asibitin sha-ka-tafi ɗaya a kowace mazaɓa da ke karɓar masu wannan kati. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. Dokar 2022 ta ambaci masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da masu lalurar ƙwaƙwalwa da matalauta a matsayin masu rauni. Saboda haka mai cikin da ke da tarihin ciwon ƙwaƙwalwa ta fuska biyu ta cancanta. Sai dai gurabe ƙididdigaggu ne, ba kullum ake buɗe rajista ba. A je wurin shugaban asibitin mazaɓa da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a ce a sa sunanta a jerin masu jira. Wannan rajista ba a sayar da ita. Duk wanda ya ce a ba shi na goro kafin ya rubuta suna, a kai maganarsa gaba.

Ƙofa ta uku ta mai biya da kansa ce: manomi, ɗan kasuwa, tela, mai tuƙi. Ana biyan kuɗin shekara ga kowane mutum. Farashi yana sauyawa, don haka a ji shi daga bakin hukumar, a biya ta hanyar da ta tsara, a karɓi rasit. Shawarata ita ce a biya da kaka, lokacin da aka sayar da riɗi ko gyaɗa ko zoɓo. Yadda ake ɗaure ragon suna tun ciki bai fito ba, haka ya kamata a yi wa kati.

Mataki na biyu: rajista, da maganar goyon ciki

A tanadi lambar katin ɗan ƙasa, NIN, ta matar da kanta, ba ta mijinta ba. Mata da yawa a karkara ba su da ita, kuma samunta kan ɗauki lokaci, don haka da ita za a fara. A lura sunan da ke kan NIN da na katin awo da na katin inshora su zama iri ɗaya. Idan nan an rubuta ta da sunan mahaifi, can da sunan miji, wata rana kwamfuta za ta ce ba ta san ta ba, a daidai lokacin da ake cikin tashin hankali.

Yawancin tsare-tsaren da ake biya suna da lokacin jira tsakanin ranar rajista da ranar da kati zai fara aiki. A tambaya, a rubuta ranar a bayan katin awo. Wanda ya bari sai ciki ya kai wata takwas, yana iya tarar da kati bai fara aiki ba sai bayan suna.

Wurin da na ga ya fi kamata a tsaya a yi tunani shi ne zaɓen asibiti. Kowane mai kati ana ɗaura shi ne a kan asibiti ɗaya, kuma hukumar tana biyan wannan asibiti wani adadi a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko ya zo ko bai zo ba. Shi ya sa wani asibitin ba zai karɓe ta a kan kati haka kawai ba. To mu kuma al'adarmu, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wanka har arba'in, wani lokacin ma ta zarce. Idan an yi mata rajista a asibitin mazaɓar miji, ita kuwa tana wata ƙaramar hukumar, katin yana nan amma amfaninsa ya yi nisa da ita, kuma makonnin farko bayan haihuwa su ne mafi hatsari ga ƙwaƙwalwa. A yanke shawarar inda za ta haihu tun da wuri, a zaɓi asibitin can, ko a nemi sauyin asibiti kafin ta tafi. Idan gidan iyayen a wata jihar yake, misali ita tana aure a Gezawa iyayenta na Ringim, a tambayi hukumar kai tsaye yadda za a yi, domin katin jiha a asibitocin da jihar ta amince da su yake aiki.

Mataki na uku: ku san abin da katin ya ƙunsa tun kafin buƙata

Kowane tsari yana da jerin ayyuka da magungunan da yake biya, kuma ana sake duba jerin lokaci zuwa lokaci. Kada a wadatu da "ai komai kyauta ne". A sami jami'in da ke kula da masu inshora a asibitin, a zauna da shi, a yi masa tambayoyi ƙarara. Idan ta kamu da ciwon damuwa ko fargaba, a nan za a duba ta ko tura ta za a yi? Wane asibiti ake tura irin wannan? Magungunan ƙwaƙwalwa suna cikin jerin? Idan aka ba ta gado, kwana nawa katin yake ɗauka a shekara? Akwai kason da za mu biya? A tsarin ma'aikata na ƙasa, alal misali, mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Jaririn fa, yana shiga ƙarƙashin katin uwa ne ko sai an yi masa nasa, kuma zuwa yaushe?

A rubuta amsoshin, da sunan wanda ya bayar da su da lambar wayarsa.

Mataki na huɗu: a gane ciwon, a faɗe shi, a rubuta shi

Inshora ba ta biyan abin da ba a rubuta a fayil ba. Matanmu kuwa ba sa zuwa awo su ce suna da damuwa. Cewa suke yi kai na ciwo, jiki ba ƙwari, zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace. Sai a ba da maganin zazzaɓi da na ƙarin jini a sallame su. Ga kuma kunya da kara, musamman mai cikin fari da aka hore ta da yin shiru.

Akwai abu uku da ya kamata 'yan gida su iya bambancewa. Na farko, sauyin rai na kwanakin farko: wajen kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa mace ta riƙa kuka ba dalili, ranta na saurin ɓaci. Wannan ya zama ruwan dare, kuma yakan wuce da kansa cikin mako biyu idan ta sami barci da taimako. Na biyu, ciwon damuwa: baƙin ciki ko mutuwar zuciya da suka wuce mako biyu, ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, ba ta cin abinci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko tana jin jaririn kamar ba nata ba. Yana iya farawa tun tana da ciki, yana kuma iya bayyana watanni bayan haihuwa. Na uku shi ne rikicewar hankali bayan haihuwa, wadda ke kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a mako biyun farko. Zan dawo kanta.

A ranar awo, wanda ya rako ta ya nemi a ba su minti biyar a keɓe. Ya ce: "Malama, yau mako uku ba ta barci, kullum cikin kuka take, ta daina cin abinci. Muna so a duba ta a kan damuwa, a rubuta a fayil ɗinta." Akwai takardar tambayoyi goma da ake kira ma'aunin Edinburgh, wadda ake amfani da ita a duniya tun 1987 don tantance damuwar masu jego, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka da fara kula da su. A tambaya ko akwai wanda ya sami wannan horo a asibitin. A kuma nemi a auna jininta da hawan jini, domin ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya a miƙe, wannan kada a ce fargaba ce. Ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitoci a Zariya sun daɗe da nazarinsa, har sun danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego.

Damar faɗa ba ta ƙare da haihuwa ba. Akwai dubawar bayan haihuwa, a kwana na uku, da mako na biyu, da mako na shida wanda ya zo daidai da arba'in. Akwai kuma rigakafin jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Duk ranar da aka kai jariri, a tambayi lafiyar uwar.

Macen da ta taɓa rikicewa a wata haihuwa, ko tana shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya tun kafin ciki, a faɗa a awon farko, kada a ɓoye don tsoron surutun dangin miji. Wadda ta taɓa rikicewa bayan haihuwa, kusan rabin irinsu abin yakan dawo a haihuwa ta gaba, kuma likita yana iya shirya rigakafinsa. Kada ta daina magani da kanta don ta ga ciki. Akwai dai magani irin sodium valproate, da ke iya nakasa ɗan tayi, wanda ya wajaba likita ya duba shi da gaggawa, ya fi kyau ma tun kafin a ɗauki cikin.

Mataki na biyar: takardar turawa

Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura ta gaba. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ga kuma manyan asibitocin tarayya a Dutse da Birnin Kudu. Amma kada a ɗauke ta a wuce kai tsaye ana tsammanin kati zai biya. Babban asibiti ana biyansa ne a kan aikin da ya yi, kuma sai da takardar turawa daga asibitin da take da rajista, tare da lambar izini daga hukumar inshora. Kafin a hau mota a tabbatar da abu uku: takardar tana da sa hannu da hatimi, an nemi lambar izinin, kuma asibitin da za a je yana cikin waɗanda tsarinku ya amince da su. A tambayi ranar da likitan ƙwaƙwalwa yake zama. A ɗauki hoton kowace takarda da waya.

Idan abin gaggawa ne

Mai jego ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, tana surutai marasa kan gado, tana jin muryoyi, tana cewa an sauya mata jariri ko ana son kashe ta. Ko kuma, ko da hankalinta na nan, ta ce gara ta mutu ta huta, ko ta ce tana tsoron za ta cutar da jaririn. A nan ba a jiran takarda, ba a jiran gari ya waye. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da jaririn ba babba a kusa. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da wuƙa, a rufe rijiya. A kai ta babban asibiti mafi kusa a ranar. Idan akwai zazzaɓi ko jijjiga tare da rikicewar, gaggawar ta ninka, domin yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini ko hawan jinin haihuwa.

Sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Bayan an karɓe ta, mai riƙe da takardu ya nuna kati a teburin inshora, ya kira asibitinsu na mazaɓa a ranar ko washegari don a daidaita takardar turawa da lambar izini. Maganar mota kuwa tun ciki na wata bakwai za a gama ta: a riƙe lambar direba biyu a gari. A Jigawa a tambayi ko shirin Haihuwa Lafiya yana da mota ko direba a yankin.

Na san abin da zai fara zuwa bakin mutane shi ne iska ko sammu ko kambun baka. Ba na cewa a bar addu'a, a yi ta, a yi ruƙiyya, a yi sadaka. Amma a yi a gefen gadon asibiti. Makon da aka ɓata ana hayaƙi da turare a ɗaki, a cikinsa ake rasa uwa ko jariri. Ɗaure ta da mari ko dukanta da sunan fitar da aljani zalunci ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Maigidan da mahaifiyarsa ta dage a kan na gida, ya lallaɓa ta: "Inna, ba mu bar na Malam ba, za a ci gaba. Amma ki yi mini izini in kai ta likita ya gani, ke ma ki zo mu tafi tare." Uwar miji da ta ji bayani daga bakin likita da kunnenta, ita ce za ta riƙa tuna wa surukarta lokacin shan magani.

Mataki na shida: riƙe magani har ƙarshe

Damuwa mai sauƙi sau da yawa ba ta buƙatar ƙwaya. Zama da ma'aikaciyar lafiya ana tattaunawa, da rage mata aikin gida, da samun wadda za ta riƙe jariri ta yi barci, suna yin aiki sosai. Idan an rubuta magani, irin su amitriptyline ko fluoxetine ko sertraline, a sani ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. A gaya wa likita tana shayarwa don ya zaɓi wanda ya dace. Yawanci ba sai an cire jariri daga nono ba.

Abu biyu ke katse magani. Ɗaya shi ne ƙarewar kati a tsakiyar jinya, don haka a sabunta shi wata guda kafin wa'adinsa, kuma idan aure ya sami matsala alhali tana ƙarƙashin katin miji, iyayenta su nema mata nata da wuri. Ɗayan kuma shi ne a je a ce babu maganin a asibiti. Idan haka ta faru, a nemi a rubuta a kan takardar cewa babu, a saya a kantin magani mai rajista don kada a yi fashin sha, a ajiye rasit, sannan a kai ƙorafi wurin jami'in inshora na asibitin. Idan bai yi komai ba, a kai wa kwamitin mazaɓa da ofishin hukumar, a rubuce, da kwanan wata. Asibitin ya karɓi kuɗi da sunanta, neman haƙƙi ne ba roƙo ba. Kada kuma a karɓi maganin barci daga mai kemis a madadin wanda likita ya rubuta.

Kati ba ya biyan kuɗin mota, da abincin mai jinya, da ranar aikin gona da maigida zai rasa. Zuwa Dawanau ko Kazaure duk wata daga ƙauye mai nisa kuɗi ne na gaske. A ware akuya ɗaya ko kwasar adashi ɗaya saboda wannan. Idan ta fara samun sauƙi, a roƙi likitan ya rubuta takardar mayar da ita asibitin mazaɓa ko babban asibitin ƙaramar hukuma, da sunan maganin da adadinsa da ranar da yake son sake ganinta, don ta riƙa karɓa a kusa da gida.